Jaridu 11, majiya ɗaya: yadda wata ɗaliba ta bi salsalar labari a laburaren kwaleji

Ɗalibar ta zo teburina ranar wata Talata da rana, saura kwana 19 ta miƙa aikinta. 'Yar aji uku ce a sashen koyon aikin jarida. Aikin da aka ba ajinsu shi ne kowa ya zaɓi wani babban al'amari da ya faru kafin a haife shi, ya nuna yadda kafofin labarai suka kawo shi a makonni ukun farko. Ita ta zaɓi hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, a Yukren, cikin Tarayyar Sobiyat ta lokacin. Ta riga ta rubuta daftarin farko, malaminta ya duba ya mayar mata. A shafi na biyu ya ja layi da jan biro ƙarƙashin jimlar da ta ce mutum 2,000 ne suka mutu a kwanakin farko, kamar yadda jaridu 11 suka tabbatar. A gefen takardar ya rubuta: "Wa ya ƙirga su?"

Ta ajiye takardar a gabana ta ce, "Malam, ni ban gane abin da yake so ba. Jarida goma sha ɗaya fa na kawo. In guda ɗaya ce sai a ce ta yi kuskure, amma duk su taru su yi ƙarya?"

Na daɗe a teburin taimaka wa masu bincike a laburaren kwaleji, kuma wannan tambaya tata ce ta sa na ga ya dace in rubuta yadda aikin ya gudana. Ɗalibar ba malalaciya ba ce. Ta yi karatu, ta tara takardu, ta yi irin tunanin da kowane mai hankali zai yi, cewa shaidu 11 sun fi shaida ɗaya nauyi. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda ake gane ko shaidun nan da gaske 11 ne.

Abin da ta zo da shi

Duk abin da ke jakarta daga buɗaɗɗen intanet ta samo shi. Akwai hotunan shafukan farko na jaridu da mutane suka ɗora a shafukan sada zumunta. Akwai waɗanda ta ciro daga tsohon rumbun jaridu na Google, wanda kamfanin ya daina ƙara masa sabbin shafuka tun 2011. Uku daga ciki ba su da kwanan wata, kuma babu ko ɗaya mai lambar shafi.

Na ce ta baje su a kan tebur, ta tsallake manyan kanun, ta karanta mini ƙaramin rubutun da ke buɗe kowane labari. Na farko: Mosko, sai haruffa uku, UPI. Na biyu ma haka. Tana kaiwa na biyar muryarta ta yi ƙasa. Bakwai cikin 11 ɗin da haruffan nan a goshinsu. Uku sun ce daga kamfanonin dillancin labarai suka harhaɗa nasu rahoton, kuma da muka shiga ciki, daidai inda adadin 2,000 ya fito, ga UPI aka jingina shi. Na ƙarshen sharhin edita ne, yana maimaita abin da jaridarsa ta riga ta buga.

Sai da na ɗan yi mata bayanin abin da ɗaliban yanzu ba su tashi sun tarar ba. Ƙaramar jarida a wani gari na Amurka ko Kanada ba ta da wakili a Mosko a 1986. Labaran ƙetare sayensu take yi daga kamfanin dillancin labarai: Associated Press da aka kafa a 1846, ko Reuters na 1851, ko AFP na Faransa da ya gaji kamfanin Havas na 1835, ko UPI, wanda ya samu a 1958 bayan haɗewar United Press da International News Service. Wakili ɗaya zai rubuta, waya ta kai rubutun ɗaruruwan ofisoshin jaridu cikin mintuna, kowane edita ya yanka daidai filin da ke gare shi ya ɗora nasa kanun. Mai karatu yana ganin suna daban, kanu daban, alhali alƙalami ɗaya ne.

Shi kansa wakilin UPI ɗin yana Mosko ne, bai taka wurin ba, don hukumomin Sobiyat ba su bar 'yan jaridar ƙasashen waje sun nufi yankin a kwanakin farko ba. Adadin ta wayar tarho ya same shi, daga wata majiya a Kiev, babban birnin Yukren, da ba a ambaci sunanta ba. Idan aka bi salsalar har tushe, jaridu 11 sun koma kamfani ɗaya, kamfanin ya koma wakili ɗaya, wakilin ya koma kiran waya. Duk jiyau ne, babu ganau a cikinsu.

Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, in zubar da su ke nan?"

Na ce ta riƙe su da kyau. Takardun nan hujja ce mai ƙarfi cewa a ranakun 29 da 30 ga Afrilu an gaya wa ɗimbin masu karatu mutum 2,000 sun mutu, kuma abin da aka ce ta bincika ke nan tun farko. Jarida ba ta da na biyu wajen nuna abin da aka faɗa wa jama'a a rana kaza. A kan abin da ya faru a zahiri kuwa, ƙarfinta bai wuce ƙarfin majiyarta ba. Kafin ta tashi muka sauya tambayar aikin ta koma: wa ya ce me, a wace rana, kuma daga bakin wa ya ji?

Neman ƙofar da ta dace

Washegari ta dawo tana cewa laburaren ba shi da jaridu. Abin da ta yi shi ne ta rubuta sunan tashar a babban akwatin bincike na shafin laburaren, ya kawo mata littattafai da muƙalun mujallun ilimi. Wannan akwati don haka aka gina shi, kuma yawancin rumbunan jaridu ba sa zuba duk abin da ke cikinsu a can. Sai an shiga jerin rumbunan da kwaleji ke biya wa kuɗin rajista, a buɗe na jaridu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a rubuta ko kalma ɗaya kuma, a duba daga wace shekara zuwa wace shekara rumbun yake riƙe da jaridar da ake nema. Ɗalibai da yawa sukan ɓata yini suna neman labarin wata shekara a rumbun da bai kai shekarar ba, su tafi da yaƙinin cewa jaridar ba ta buga komai ba.

Shekarar 1986 ta faɗo a wani gurbi mai wuya. Rumbunan kyauta, irin su Chronicling America na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ƙarfinsu yana kan tsofaffin jaridun da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kuma shi wannan a 1963 ya tsaya. Shafukan intanet na jaridu kuwa sai tsakiyar shekarun 1990 suka soma. Abin da ke tsakani yawancinsa yana hannun kamfanonin da ke sayar wa laburare rajista, ko kuma yana naɗe a maikurofim, wato fim mai ɗauke da ƙananan hotunan shafukan jarida, cikin akwatunan ƙarfe. Shi ya sa ɗalibin da ya tsaya a buɗaɗɗen intanet yake samun guntaye kawai daga waɗannan shekaru, kuma guntayen da aka fi yaɗawa su ne masu kanun tayar da hankali.

Rumbunan da muke da su iri biyu ne, kuma bambancin ya shafi aikinta kai tsaye. Nexis Uni da Factiva rubutun labarin kaɗai suke bayarwa, tsirara, babu hoto babu tsarin shafi. Amfaninsu shi ne faɗi: jaridu masu yawa a wuri ɗaya, har da rahotannin kamfanonin dillancin labarai yadda suka fito daga waya kafin edita ya sa musu almakashi. ProQuest Historical Newspapers kuwa, mai ɗauke da New York Times tun daga 1851, da Times Digital Archive mai ɗauke da Times ta Landan tun daga 1785, hoton shafin suke bayarwa yadda aka buga shi. A nan ne ake ganin ko labarin ya hau saman shafin farko ko an tura shi can ciki, da girman kanunsa, da abin da aka ajiye kusa da shi. Inda edita ya ajiye labari shi ma magana ce, kuma rubutu tsirara ba ya nuna ta.

Ta buɗe rumbun rubutu, ta sa sunan tashar, sakamako ya zubo wanda ba mai iya karanta shi a shekara. Muka taƙaita kwanan wata daga 26 ga Afrilu zuwa 16 ga Mayu, muka ce ya jera daga mafi tsufa. Ranar 26 babu komai. Ranar 27 ma babu komai. Ta juyo ta ce rumbun yana da matsala.

Rumbun lafiyarsa ƙalau, kuma wannan fili da ta gani shi ne babban abin da ta fara ganowa. Tukunyar nukiliya ta huɗu ta tashar ta fashe ne da ƙarfe 1:23 na daren Juma'a wayewar Asabar, 26 ga Afrilu. Ranar Lahadi da rana aka kwashe mutanen garin Pripyat, su kusan 49,000, masu zama kilomita 3 daga tashar. Duk wannan ya faru duniya ba ta da labari. Na tambaye ta: ɗan jaridar da ya fara jin ƙishin-ƙishin, da wane suna zai kira abin, alhali ba wanda ya gaya masa sunan tashar tukuna? Ta koma littafin da ta aro ta duba. Da safiyar Litinin 28 ga wata, na'urar auna tururin nukiliya a tashar Forsmark ta Suwidin, mai nisan sama da kilomita 1,000, ta yi ƙara a kan wani ma'aikaci. Da farko an zaci tashar tasu ce ke yoyo, har aka fitar da ma'aikata. Sai da aka duba alƙiblar iska aka gane daga ɓangaren Tarayyar Sobiyat abin ya taso. Da ta cire sunan Chernobyl ta sa Forsmark da Suwidin da kalmar Ingilishi ta tururin nukiliya, sai ga rahotannin da binciken farko ya tsallake. Sunan da tarihi ya raɗa wa al'amari daga baya yakan zo. Mai neman rahoton farko dole ya yi amfani da kalmomin wanda bai san ƙarshen labarin ba.

Rubutun suna ma ya ba ta aiki. Faransawa Tchernobyl suke rubutawa, Jamusawa Tschernobyl, mutanen Yukren kuma yanzu sun fi son Chornobyl. Birnin da jaridun Ingilishi ke rubutawa Kyiv a yau, a 1986 Kiev ne a kowane shafi. A rumbunan hoto akwai ƙarin tarko: manhaja ce ke karanta hoton shafin ta mayar da shi rubutu, kuma a kan wannan rubutun ake binciken. In tawada ta dusashe, ko an raba kalma biyu a ƙarshen layi, manhajar takan karanta ba daidai ba, labarin yana nan amma bincike ba zai kawo shi ba. Maganin da na ba ta mai cin lokaci ne: a ranakun da suka fi muhimmanci, daga 29 ga Afrilu zuwa 2 ga Mayu, ta bar akwatin bincike ta buɗe jaridar shafi-shafi kamar mai karanta ta da safe.

Wani ƙaramin kuskure da na kama a rubutunta shi ne na kwanan wata. Rahoton da New York Times ta fara sa wa a shafinta na farko yana ɗauke da "Mosko, 28 ga Afrilu" a kansa, ita kuma ta rubuta 28 a matsayin ranar bugawa. Waccan ranar da wakili ya aiko ce. Jaridar ta 29 ce. A wani aikin bambancin kwana ɗaya ba komai ba ne, amma a aikin da duk nauyinsa ke kan wa ya riga wa, kwana ɗaya yana iya kifar da hujja.

Ɗakin maikurofim

Biyu daga jaridun da ta zo da su ba sa cikin kowane rumbu namu. Ɗaya muna da ita a maikurofim. Ban manta yadda ta tsaya tana kallon ƙaramin kwalin ba, an rubuta kwanakin wata a gefensa, a ciki ga naɗin fim kamar ƙaramar taya. Na nuna mata yadda ake sa shi a sandar hagu, a zaro bakin fim ɗin a bi da shi tsakanin gilasai biyu, a maƙala shi a naɗin dama. Ta murɗa da ƙarfi, shafuka suka yi ta gudu a allon har ta kawar da kai don jiri. Da ta koyi murɗawa a hankali sai ta nutsu. Ga tallace-tallacen ranar, ga sakamakon wasanni, ga wani dogon karce da ya ratsa fim ɗin daga yawan hannun da ya bi ta kansa. Ta kai 30 ga Afrilu, ga adadin 2,000 a kanu. Ta ci gaba kwana ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta abin da ta gani a littafinta. Bayan 'yan kwanaki adadin ya sauka daga kanu ya koma cikin labari da "rahotannin da ba a tabbatar ba" a gabansa, daga nan ya daina fitowa. Awa uku ta yi a kujerar nan. Wannan dusashewar a hankali babu kalmar bincike da za ta nuna mata ita, don abin da ya daina fitowa ba a nemo shi da suna.

A nan na ja hankalinta kan bugu. Manyan jaridu a lokacin sukan fitar da bugu fiye da ɗaya a dare guda, kuma labari mai motsi irin wannan yana iya sauya kanu tsakanin bugun farko da na ƙarshe. Yawanci bugu ɗaya ake ɗauka a fim. Don haka in hoton da ta gani a intanet ya saɓa da abin da ke fim, ba lallai ɗaya jabu ne ba, sai dai ta rubuta wane bugu ta gani idan an nuna shi a saman shafi.

Maikurofim ya sake yi mata rana a wani wuri. Ta ga an ambaci wani sharhi na wani masani a fihirisar jarida, ta neme shi a rumbun rubutu ta rasa. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar New York Times da Tasini cewa jarida ba ta da ikon sayar wa rumbunan kwamfuta rubutun marubuta masu zaman kansu ba tare da izininsu ba. Bayan hukuncin an cire irin waɗannan rubuce-rubuce da yawa daga rumbunan, musamman na shekarun 1980 da farkon 1990. Hukuncin bai taɓa maikurofim ba, tunda shi shafin yake nunawa yadda aka buga shi. A fim ta samu sharhin. Ina faɗar wannan ne saboda ana yawan matsa wa laburare su zubar da fim don a sami fili, da hujjar cewa komai yana kwamfuta, kuma duk lokacin da aka kawo wannan magana ina adawa da ita.

Ɓangaren da ba ta jin harshensa

Har zuwa nan duk muryoyin Yamma take ji. Ba ta jin Rashanci, ta kuma ɗauka wannan ƙofa a rufe take. Akwai hanyoyi. Current Digest of the Soviet Press, da ya fara fita a 1949, a shekarun hatsarin duk mako yana fassara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen jaridun Sobiyat irin su Pravda da Izvestia zuwa Ingilishi. FBIS ta Amurka, da aka kafa a 1941, a wancan lokacin tana sauraron gidajen rediyo da talabijin na ƙasashen waje tana fitar da fassara kullum, haka ma sashen sauraro na BBC da ya fara a 1939. Na gaya mata ta sa a ranta cewa waɗannan zaɓe ne, wani ne ya ga abin da ya cancanci fassara ya bar saura, kuma a lokacin FBIS a ƙarƙashin hukumar leƙen asiri ta CIA take. Wannan bai zubar da darajar fassarar ba, amma wajibi ne mai bincike ya faɗa wa mai karatunsa ta hannun wa maganar ta biyo.

Kwalejinmu ba ta da rajistar FBIS. Muka duba WorldCat, kundin da ke nuna wane laburare ke riƙe da me, muka aika buƙata ta tsarin aro tsakanin laburare. Irin wannan buƙata ce ta sa jami'o'i suka kafa Center for Research Libraries a Shikago a 1949, don su tara abin da kowace ɗaya ba za ta iya ajiyewa ita kaɗai ba, musamman jaridun ƙasashen waje. Shafukan sun iso bayan kwana shida. Na talabijin kuwa, rumbun labaran talabijin na Jami'ar Vanderbilt, da ke naɗar labaran yamma na manyan tashoshin Amurka tun 1968, yana da taƙaitaccen bayanin kowane rahoto da tsawonsa, kuma ana bincika wannan kyauta.

Da shafukan suka zo ta karanta sanarwar farko ta Sobiyat, wadda aka karanta a shirin labarai na Vremya da misalin ƙarfe 9 na daren Litinin 28 ga wata, agogon Mosko. Jimloli ne 'yan kaɗan: an yi hatsari a tashar, tukunya ɗaya ta lalace, ana ɗaukar matakai, ana taimakon waɗanda abin ya shafa, an kafa kwamitin gwamnati. Babu adadi, babu ranar da abin ya faru, babu maganar kwashe gari guda.

Teburin da ta zana

Shawarar da na ba ta ita ce ta zana tebur: rana, kafar da ta buga, asalin majiyar, adadin da aka faɗa, da ainihin lafazin da aka yi amfani da shi, wato ko an ce "ya tabbata" ko "an ce" ko "ana fargaba". Kowane layi kuma ta rubuta shafi da bugu da rumbun da ta samo shi, da adireshin dindindin da rumbun ke bayarwa, don wanda ke saman burauza yakan mutu da an fita.

Da teburin ya cika sai layuka biyu suka bayyana. A ɓangaren Sobiyat: shiru har daren 28, mutum biyu a ranar 29, sannan jawabin shugaban Sobiyat Mikhail Gorbachev na talabijin ranar 14 ga Mayu, kwana 18 bayan hatsarin, inda adadin ya kai tara, har zuwa 31 a lokacin taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Biyana ta Ostiriya a watan Agusta. A ɓangaren Yamma: 2,000 na UPI, da kanun New York Post da ya yi maganar mutum 15,000 a kabarin bai-ɗaya. Babu ɗayan biyun nan da ya taɓa tabbata.

Ta zo da murna ta ce, "Malam, na gano. Ashe Sobiyat ce ta faɗi gaskiya, jaridun Yamma ne suka yi ƙarya."

A nan muka fi daɗewa, don daga wani rami ta fito tana shirin faɗawa wani. Gaskiya ne mutum biyu ne suka mutu a daren hatsarin. Amma lokacin da ake faɗar biyu, ma'aikata da 'yan kwana-kwana suna kwance a asibiti. Daga baya an tabbatar 134 sun kamu da mummunar cutar tururin nukiliya, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni. An yi kusan kwana uku ba a ce uffan ba, kuma sai da wata ƙasa ta tambaya aka yi magana. Ranar 1 ga Mayu an fitar da jama'a faretin ranar ma'aikata a Kiev, har da yara. Adadi yana iya zama daidai a lissafi, ya kuma rufe girman abin da ake ciki. Su ma editocin da suka ɗora 2,000 a kanu kan kiran waya ɗaya suna da nasu alhakin, kuma rufe ƙofar da aka yi bai wanke su ba, ko da yake shi ya buɗa wa ji-ta-ji-ta fili. A ganina aikin da ya riƙe waɗannan biyun tare shi ne aikin da ya yi adalci, kuma na gaya mata haka, na bar mata hukuncin.

Saura tambayar malaminta. Ainihin adadin waɗanda suka mutu ba a jaridun makon farko ake nemansa ba. Na tura ta ga rahotannin kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururin nukiliya, da rahoton 2005 na taron hukumomin Majalisar kan Chernobyl, wanda ya yi hasashen mutuwar da ka iya kaiwa 4,000 a tsawon lokaci cikin mutum kusan 600,000 da suka fi shaƙar gubar. Shi ma wannan hasashe ne, masana na jayayya a kansa, kuma haka ta rubuta shi.

Abin da ya rage a wuyanmu

Ba duk cikas ɗin daga wajenta ya zo ba. Shafin jagora da muka yi wa ɗalibai kan jaridu sunayen rumbuna kawai ya jera, bai faɗi shekarun da kowanne ya ƙunsa ba, bai kuma bambanta mai hoto da mai rubutu tsirara ba. Maikurofim ko ambatonsa ba a yi ba. Da ta zo saura kwana biyar, shafukan aro ba za su riske ta ba, kuma babu inda muka gargaɗi ɗalibai cewa aro yana ɗaukar kwanaki. A ƙarshen zangon muka gyara shafin: kowane rumbu da shekarunsa da irinsa a gabansa, da layi ɗaya a sama da ke cewa a duba farkon labari a ga wane kamfani ya aiko shi. Na kuma roƙi malamin ya riƙa turo ajinsa laburare na awa ɗaya a makon da ya ba da aikin, ya amince.

Ranar da za ta miƙa aikin ta biyo ta teburina ta nuna mini shafi na biyu. Jimlar da aka ja wa jan layi ta koma haka: a ranakun 29 da 30 ga Afrilu, jaridu 11 da aka duba sun buga cewa mutum 2,000 sun mutu, dukkansu suna dogara da rahoto ɗaya na UPI daga Mosko, wanda ya jingina adadin ga majiyar da ba a ambata ba, kuma adadin bai tabbata ba. Ƙarƙashinta ga teburin, shafi biyu cur. Ta tambaye ni ko za a bar mata naɗin fim na watan Mayu a ajiye, don tana so ta koma ta ga yadda jaridar ta kawo jawabin Gorbachev. Na rubuta lambar kwalin a takarda na ba ta.